Daga AM zuwa SSB: yadda ake haɗa siginar gefe ɗaya, a auna ta, a kuma saita ta

Wanda ya saba murɗa rediyon gajeren zango ya san cewa idan aka wuce tashoshin labarai aka isa wajen 7100 ko 14200 kHz, akan ci karo da wata murya a shaƙe. Ana jin mutum ne ke magana, amma ko kalma ɗaya ba a ganewa. Rediyon lafiyarsa ƙalau. Siginar SSB ce ya kama, wato siginar gefe ɗaya, shi kuwa an ƙera shi ne don AM, tsarin da tashoshin labarai ke amfani da shi, kuma akwai abu guda da yake nema a cikin siginar wanda mai watsawa ya cire da gangan. Wanda ya gane abin da aka cire, da dalilin cire shi, da yadda ake mayar da shi, ya gane rabin aikin. Sauran rabin awo ne da haƙuri.

Abin da ke cikin siginar AM

A tsarin AM, transimita tana samar da igiya mai tsayayyar mita, wadda ake kira igiyar dako, sai murya ta riƙa ɗaga ƙarfinta tana sauke shi. A ce dakon yana kan 7100 kHz, aka shigar da sauti guda mai 1000 Hz. Abin da zai fita ta eriya abu uku ne: dakon a 7100, gefen sama a 7101, gefen ƙasa a 7099. Kowane gefe yana ɗauke da saƙon gaba ɗaya. Dakon kuwa ba ya canzawa ko kaɗan, ko ana magana ko an yi shiru.

Lissafin wuta shi ne ke nuna asarar. Idan dakon 100 W ne aka cika shi da sauti ɗari bisa ɗari, jimillar abin da ke fita 150 W ne: 100 na dako, 25 a kowane gefe. Idan cikawar ta tsaya a kashi 50, kowane gefe 6.25 W kacal yake samu. Kamar ɗan dako ne da ladansa ya ninka kuɗin kayan da ya ɗauko. Faɗin da siginar ke ci a kan zango kuma ninki biyu ne na sauti mafi tsini da aka shigar, wato muryar da ta kai 3 kHz za ta ci 6 kHz. Shi ya sa tashoshin matsakaicin zango a Afirka da Turai suke jere da tazarar 9 kHz, a Amurka kuma 10 kHz.

Duk da haka AM bai mutu ba, kuma bai kamata ya mutu ba. Diyod ɗaya da kafasito sun isa su fito da sautinsa, abin da ya sa rediyon gida ya yi arha har ya shiga kowane ƙauye. Jiragen sama ma da AM suke magana da hasumiya tsakanin 118 da 137 MHz, domin idan matuƙa biyu suka danna makirfo lokaci guda, mai saurare zai ji fito ya san an yi karo, maimakon mai ƙarfi ya haɗiye mai rauni shiru kamar yadda FM ke yi.

Auna cikawar AM ba shi da wuya. Haɗa transimita da lodin gwaji mai 50 Ω, wato rizistan da ke maye gurbin eriya, ɗebi ɗan samfurin siginar zuwa osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, shigar da sautin 1000 Hz. Auna tsayin inda siginar ta fi kumbura da inda ta fi tsukewa. Ɗebe ƙaramin daga babban, ka raba da jimillarsu. Idan babban layi 3 ne ƙaramin layi 1, cikawar 2 bisa 4 ce, kashi 50 ke nan. Idan wurin tsukewar ya zama miƙaƙƙen layi a tsakiya, an wuce ɗari bisa ɗari, dakon yana yankewa, kuma kowane yankewa yana fantsama ƙara kan maƙwabta. Tsaya tsakanin kashi 85 da 95.

Akwai kuskuren da ke ƙona tiransisto da yawa. Ƙololuwar ƙarfin AM cikakke ninki huɗu ne na dako. Rediyon da aka rubuta masa 100 W, dakonsa a AM bai kamata ya wuce 25 W ba. Wanda ya murɗa dakon zuwa 60 ko 80 W bai bar wa murya wurin hawa ba, sai ka ga allurar awo tana faɗuwa idan ya yi magana, muryar ta dagule, ƙarfen sanyaya kuma ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Cire dako da gefe ɗaya

John Carson ya shigar da takardar mallakar dabarar gefe ɗaya a Amurka a 1915, kuma da ita aka buɗe layin tarho ta rediyo tsakanin New York da Landan a watan Janairun 1927. Dabarar ita ce a danne dakon, a zubar da gefe ɗaya, a zuba dukkan wutar a gefen da ya rage. Faɗin ya koma kusan 2.4 kHz, wuta ba ta fita sai ana magana, kuma idan ƙololuwar ƙarfi ɗaya ce, ribar da ake samu a kan AM takan kai 9 dB (dB ma'aunin ninkin ƙarfi ne, 9 dB kusan ninki takwas ke nan). Hanyar da ta fi sauƙin ginawa a kan teburi ita ce ta matacin kiristal, mai tace sigina ya bar gefe ɗaya ya wuce, kuma ita za mu bi mataki-mataki da kiristal masu 10 MHz, irin waɗanda Ashhar Farhan na Indiya ya yi amfani da su a ƙirarsa ta BITX20.

Fara da mahaɗin da ke danne dako. Ana yin sa da diyod 1N4148 guda huɗu a zobe, da taransifoma biyu da aka naɗa a kan zoben ferit FT37-43, waya uku a murɗe tare, zagaye 10. Kada ka ɗebo diyod huɗu kawai daga leda. Sa na'urar awo a wurin gwajin diyod, auna guda ashirin, zaɓi huɗun da bambancinsu bai wuce 2 mV ba. Rashin daidaiton diyod shi ne babban abin da ke sa dako ya zurara. Osiletar dako, wato da'irar da ke samar da igiyar dako, ta ba mahaɗin kusan 5 mW, wato 1.4 V daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa a kan 50 Ω. Sautin makirfo kuma kada ya wuce 200 mV a wannan awon. Idan sauti ya kusanci ƙarfin osileta, shi ma zai fara buɗe diyod ɗin yana rufewa, murya ta lalace tun daga tushe, kuma babu matakin gaba da zai gyara ta. Wanda ba ya son naɗa taransifoma yana iya sa mahaɗin SBL-1 ko ADE-1 da aka riga aka haɗa, ko MC1496.

Abin da ke fitowa daga nan gefe biyu ne babu dako. Mataci ne zai zaɓi ɗaya, kuma a nan ne aikin yake.

Sayi kiristal ashirin na kamfani ɗaya, zubi ɗaya. Haɗa ƙaramar osileta mai soket, ka riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya kana karanta mitarsu a na'urar ƙirga mita da ke nuna aƙalla 10 Hz. Ɗauke su da hantsaki, domin ɗumin yatsa kaɗai yana matsar da mitar, kuma ka bar kowanne ya yi minti ɗaya kafin ka rubuta. Zaɓi huɗu zuwa shida da ke tsakanin 50 da 100 Hz na juna. Jera su a layi, a kowace mahaɗa tsakaninsu ka sauke kafasito zuwa ƙasa. Ga kiristal masu dogon gwangwani na HC-49/U, 100 zuwa 120 pF wuri ne mai kyau na farawa, kuma matacin zai so ya ga kusan 200 Ω a kowane baki. Ƙara girman kafasito yana tsuke matacin, rage shi yana faɗaɗa shi. Idan ka haɗa irin wannan mataci kai tsaye da 50 Ω, samansa zai yi tudu da kwari na 3 dB ko fiye, sai wasu sassan murya su ɓace. Taransifoma mai ninki 4 zuwa 1 a kowane baki tana magance wannan. Haɗa gwangwanayen da ƙasa da ɗigon dalma, amma da sauri, don zafi mai yawa yana canza mitar kiristal har abada. Ka kuma nisanta wayar shiga da ta fita, in ba haka ba siginar za ta tsallake matacin ta iska.

Yanzu auna shi. Da na'urar awo ta NanoVNA ko janaretan sigina, nemo wurare biyu da siginar ta faɗi da 6 dB. Kada ka yi mamaki idan ka ga suna ƙasa da 10 MHz kaɗan, haka irin wannan mataci yake. A ce ka samu 9996.3 da 9998.7 kHz. Don samun gefen sama, ajiye osiletar dako 300 Hz ƙasa da bakin ƙasa, wato 9996.0. Don gefen ƙasa, ajiye ta 300 Hz sama da bakin sama, wato 9999.0. Wannan 300 Hz ɗin shi ke yanke yadda muryarka za ta kasance. Idan dakon ya matso kusa da matacin, murya za ta yi kauri ta dushe, dako da gefen da ba a so su zurara. Idan ya yi nisa, murya ta zama siririya mai tsini babu gindi. Gangaren sama na wannan mataci ya fi na ƙasa tsayuwa, saboda haka ya fi danne abin da ba a so idan gefen ƙasa ake so ya wuce. Mai amfani da osiletar zamani ta Si5351 zai saita wannan mitar da lamba, mai osiletar kiristal kuma zai ja ta da ƙaramin kwayil ko kafasito mai murɗawa.

Bayan haka sai danne dakon. Cire makirfo, haɗa bakinsa da ƙasa, danna maɓallin watsawa, saurari mitar dakon a wani rediyo na kusa ko ka dube ta a osiloskof. Murɗa rizisto mai saitawa na 100 Ω da ke mahaɗin har dakon ya yi ƙasa, sannan kafasito mai saitawa na kusan 30 pF, sannan ka koma kan rizisto. Kowanne yana taɓa ɗan'uwansa, don haka sai an zagaya sau da dama. Mahaɗin zai ba da 30 zuwa 40 dB, gangaren mataci ya ƙara wajen 20. Abin nema shi ne 50 dB, wanda a transimita mai 100 W yake nufin 1 mW na dako ne kawai ke fita.

Kai siginar kan zangon da ake so

Siginar tana kan 10 MHz, sai a haɗa ta da osileta mai canzawa a mahaɗi na biyu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin gefen yakan juye. Ƙa'idar guda ce: idan aka ɗebe siginar daga mitar osileta, gefen ya juye, idan aka tara su, ko aka ɗebe osileta daga siginar, bai juye ba. Osileta a 4.2 MHz a tara da 10 ya ba da 14.2, gefen sama ya fito a gefen sama. Osileta a 17.1 a ɗebe 10 ya ba da 7.1, gefen sama ya koma gefen ƙasa. Mahaɗin yana fitar da jimilla da ragowa duka biyu, don haka wanda ke neman 14.2 zai samu 5.8 MHz ma tare da shi. Dole a bi shi da matacin zango mai kwayil biyu ko uku kafin a kai ga amfilifaya.

Al'adar masu rediyon sha'awa ita ce LSB, wato gefen ƙasa, a ƙasa da 10 MHz, USB, wato gefen sama, a sama da haka. Zangon 5 MHz ya fita daga wannan ƙa'ida, da USB ake aiki a can, haka ma tsarin sadarwar kwamfuta irin FT8 a kowane zango. A gajeren zango, jiragen sama da na ruwa USB suke amfani da shi ko'ina. Ka kuma tuna lambar da ke kan allon rediyonka mitar dakon da aka cire ce, muryarka tana gefenta. A USB tana kaiwa kusan 3 kHz sama da lambar, saboda haka wanda ya tsaya a 14349 ya riga ya fita daga zangon da ya ƙare a 14350. Iyakarsa 14347.

Amfilifaya da gwajin sauti biyu

A SSB saƙon yana cikin hawa da saukar siginar, don haka kowane mataki bayan mataci dole ya ƙara ƙarfi ba tare da ya canza siffa ba. Amfilifayar aji C da ake sa wa FM ba ta yi. Aji AB ake bukata, wato tiransisto yana jan 'yar wutar jira ko da babu sigina. Ga tiransisto IRF510, murɗa riziston saiti zuwa sifili tukuna, sa na'urar auna amfiya a layin wuta, danna watsawa babu sauti, ka ɗaga a hankali har kowane tiransisto ya ja kusan 100 mA. A hankali ƙwarai, domin daga inda ya fara buɗewa, ɗan murɗi kaɗan yana iya kai shi amfiya biyu. Ƙarfen bayan IRF510 a haɗe yake da ƙafar da wuta ke shiga, sai an sa takardar maika tsakaninsa da ƙarfen sanyaya. Idan ya yi zafi wutar da yake ja tana ƙaruwa, saboda haka saitin da aka yi da sanyin hunturu a sake duba shi a zafin bazara bayan minti goma na aiki. A ƙarshe matacin da ke tare ninkin mita, wanda zai sauke su aƙalla 43 dB ƙasa da siginar.

Lodin gwaji ana iya haɗa shi da rizisto 20 masu 1000 Ω da 3 W, a jere kafaɗa da kafaɗa da gajerun ƙafafu. Kada a sa rizisto na naɗaɗɗiyar waya, kwayil ne a ɓoye.

Fara da sauti ɗaya. A SSB mai tsabta, sauti ɗaya yana ba da sigina mai shimfiɗaɗɗen sama a osiloskof. Idan ka ga saman yana rawa, dako ko ɗaya gefen yana zurara. Sannan sauti biyu masu ƙarfi ɗaya, 700 da 1900 Hz, waɗanda manhajar Audacity ke iya samarwa. Rage su da rizisto 10,000 Ω da 100 Ω, ka sa kafasito a layin saboda wutar da ke bakin makirfo. Siffar da za ta fito ya kamata samanta ya zama kumburarre mai santsi, wurin gicciyewar kuma mai kaifi. Sama mai faɗi kamar an yanke da wuƙa yana nufin an tura amfilifaya fiye da ƙarfinta. Wurin gicciyewa da ya miƙe ya yi siriri yana nufin wutar jira ta yi kaɗan. Dukansu suna haifar da sababbin sautuka, ɗaya a 3100 Hz, ɗaya a 500 Hz ta ɗaya gefen dakon, wasu kuma can nesa a kan maganar mutane. Nemi su kasance 30 dB ƙasa da ƙololuwa.

Ƙololuwar ƙarfi, wadda ake rubutawa PEP, ana samun ta ta ninka boltejin ƙololuwa zuwa ƙololuwa da kansa a raba da 400. Bolt 63 ya ba da kusan 10 W, bolt 200 ya ba da 100 W. Sandar awo mai rage ninki goma ta isa har 10 W, sama da haka sai da na'urar ɗiban samfuri.

A nan ne ya kamata a yi magana a kan allura. Na'urar awon wat ta gama-gari matsakaicin ƙarfi take nunawa. Da sauti biyu matsakaicin ƙarfin rabin PEP ne, da murya kuwa allurar takan yi yawo tsakanin 20 da 30 W a rediyon da ke fitar da 100 W cif. Wanda bai san haka ba sai ya murɗa MIC GAIN, mamurɗin ƙarfin makirfo, har ƙarshe don ya ga allura ta tashi. Bai ƙara nisan da ake jin sa ba, ya dai ɓata muryarsa ya cinye wurin mutum uku. Saitin daidai shi ne baki ya kasance santimita 3 zuwa 5 daga makirfo, a yi magana yadda aka saba, a ɗaga MIC GAIN har awon ALC, mai hana ƙarfin fita ya wuce iyaka, ya riƙa motsi cikin yankin da aka yi masa alama, a tsaya nan. Idan za a matse murya, 6 zuwa 10 dB ya wadatar.

Matsaloli biyu da ake ɗora wa rediyo alhali ba laifinsa ba ne. Rediyo mai 100 W yana jan kusan 20 A a 13.8 V lokacin ƙololuwar murya. Waya da mahaɗai masu 0.05 Ω kawai za su cinye bolt ɗaya cur, sai murya ta riƙa karkarwa. Auna boltejin a bayan rediyon kana magana, kada ka auna a kan batir. Ta biyu ita ce siginar da ke dawowa ta bayan kebul ɗin eriya ta shiga makirfo: murya tana fita da tsabta a lodin gwaji, amma da an haɗa eriya sai ta dagule, wani lokaci ƙarfen makirfo ya ɗan ƙona leɓe. Naɗa kebul RG-58 zagaye 10 zuwa 12 a kan zoben FT240-43 a gindin eriya, ka sa ƙananan ferit a wayar makirfo.

Rediyoyin zamani masu sarrafa sigina da lissafi ba sa bukatar matacin kiristal. Suna bin hanyar da Ralph Hartley ya kawo, inda ake karkatar da sauti da dako da digiri 90 don gefe ɗaya ya kashe kansa, ko hanyar Donald Weaver ta 1956. Kuskuren digiri ɗaya tak yana tsayar da dannewar a kusan 41 dB, abin da ya sa hanyar ta yi wuya a da, ta kuma zama mai sauƙi da kwamfuta ta karɓi aikin.

Saurare

Rediyon karɓa shi ke mayar da dakon da aka cire, ta wata ƙaramar osileta da ake kira BFO, kuma dole ya ajiye shi daidai inda na asali yake. Kuskuren 50 Hz yana canza muryar mutum, na 200 Hz yana wahalar da fahimta. Zaɓi gefen tukuna, domin idan gefen ba daidai ba ne, duk murɗin da za ka yi ba za ka gane magana ba. A USB, idan murya ta yi tsini, matsa sama. Idan ta yi kauri, matsa ƙasa. A LSB akasin haka ne. Sa AGC, mai daidaita ƙarfin karɓa da kansa, a kan jinkiri don kada hayaniya ta riƙa tasowa tsakanin kalmomi, ka rage RF GAIN, mamurɗin ƙarfin karɓa, idan siginar mai ƙarfi ce. Idan kana cikin hira abokin maganarka ya ɗan kauce, gyara da RIT, wanda ke matsar da karɓa kaɗai. Idan ka taɓa babban mamurɗi, shi ma zai bi ka, ku yi ta jan juna a kan zango.

Ƙananan rediyoyi irin Tecsun PL-660 da PL-330 suna da SSB, kuma wurin koyo mai kyau shi ne 8903 kHz a USB, mitar da aka ware wa cibiyoyin kula da jiragen sama na yankin da ya haɗa da Kano, Yamai da Njamena. Idan ka ji ɓuuu a ko'ina cikin zango, kashe inbata, cajar sola da fitilun LED ɗaya bayan ɗaya kafin ka zargi rediyon.

Maɓallin SSB yana da amfani har ga mai sauraren labarai a gajeren zango. Lokacin da muryar mai karanta labarai ke dagulewa tana dawowa da daddare, sau da yawa dakon ne ya dushe a hanya ya bar gefunan. Sa rediyon a USB ko LSB, murɗa a hankali har fiton ya yi ƙasa ya ɓace, sai rediyonka ya maye gurbin dakon da nasa wanda ba ya dushewa. Idan wata tasha na damunka daga sama, zaɓi LSB. Idan daga ƙasa take, zaɓi USB. Haka kuma ake gane ko allon rediyo yana faɗin gaskiya: a tsaya kan mitar tashar, a sauya tsakanin USB da LSB, idan sautin bai canza ba allon daidai yake, idan ya canza kuwa, rabin bambancin da ke tsakanin sautukan biyu shi ne kuskuren da za a gyara.

Duk gwajin watsawa da aka ambata a kan lodin gwaji ake yin sa. Haɗa eriya kuwa sai da lasisi daga hukumar da ke raba mitoci a ƙasarka, wadda za ta ba ka lambar kira mai farawa da 5N a Najeriya, 5U a Nijar, 9G a Gana, TJ a Kamaru, TT a Cadi, ko ST a Sudan.